Saura sati biyar bikin ƙanwata, kuma ta shafa man haɗi: ta ina za mu fara gyaran jiki?

Maman Hanan, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wadda ta san kan abin ta taimaka min.

Autarmu za a aurar ƙarshen Disamba, yau saura sati biyar. Kamu Laraba, dina Juma'a, ɗaurin aure da kai amarya Asabar. Umma ta ɗora min duk abin da ya shafi gyaran jikinta, ni kuwa a nawa bikin lalle da turare kawai aka yi min, ban san kan dilkar nan ba.

Yarinyar baƙa ce, irin baƙin nan mai kyau, fatarta luwai-luwai. Tun da aka sa rana wata ƙawarta ta haɗa ta da mai sayar da mai a Instagram, aka kawo mata haɗi a farar roba, ba suna, ba lambar NAFDAC, sai sitika da aka rubuta wai na amare ne. Wajen wata uku ke nan tana shafawa safe da dare ba mu sani ba, mun ɗauka hutu ne ya karɓe ta. Haske kam ta yi. Amma gaɓoɓin yatsunta da gwiwar hannu sun yi baƙi ƙirin, goshi da gefen hanci sun feso da ƙananan ƙuraje, in ta shiga rana kumatunta su yi ja suna zafi. Da na yi mata faɗa ta ajiye man, kwana biyu kacal fuskar ta hau raɗaɗi da ƙaiƙayi, ta koma.

Gwaggonmu ta ce a kai ta gidan gyaran jiki ta yi kwana 14, dilka da halawa za su wanke komai. Mun je wurin wata, ta dube ta ta ce ba matsala, za ta zuba "na haske" a cikin dilkar kalar ta daidaita. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

A bar man ne ko a ci gaba har a gama biki? Yaushe ya kamata a yi halawa? Sannan tana son baƙin lalle a hannu, amma wanda ta yi da Babbar Sallah ya sa ta ƙaiƙayi har wurin ya ɗan kumbura.

Ummu Sadiq, Rigasa

Wa alaikumus salam. Maman Hanan kar ki ɗaga hankalinki, yanzu wace amarya ce ba ta shafawa? In ta bari yanzu za ta yi dabbare-dabbare ranar biki, dangin miji su samu abin faɗa. Ta lallaɓa da shi har a kai ta ɗakinta, daga baya ta bari a hankali. Baƙin yatsun kuma lemon tsami da sukari za ta riƙa gogawa da dare. Allah Ya sanya alheri.

Ya Falmata mai gyaran jiki, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Maman Hanan. Allah Ya kai mu lokacin, Ya ba su zaman lafiya. Wannan sana'ata ce, a hannun kakata na koya a Maiduguri kafin aure ya kawo ni Kaduna. Bari in faɗa miki yadda nake yi, wadda ta fi ni sani ta gyara min.

Yarinyar da kika kwatanta, in aka kawo min ita yau, ba zan sa mata halawa ba ko nawa za a biya ni. Halawa sukari ne da ruwa da lemon tsami, a dafa har ya yi danƙo, a manna a jiki a fizge. A lafiyayyar fata gashi take ɗaukowa da dattin sama. A fatar da mai ya ci kuwa, da fatar take tahowa. An taɓa kawo min wata da aka yi wa a wani gida, biki ya matso, wai in gyara. Da ta ɗaga zane, ƙwaurinta duk ya saluɓe jajir, yana tsattsafo da ruwa, zanen ma ya manne a wurin sai da muka jiƙa shi kafin ya saki. Ba abin da na iya yi mata, asibiti na ce a kai ta. Da safa har gwiwa ta yi kamunta.

Shi ya sa duk amaryar da ta zo, kafin mu yi maganar kuɗi, tsakar gida nake fitar da ita inda haske yake. In kama bayan hannunta, in ɗaga hannun riga in duba damtse. In na ga jijiyoyi kore-kore sun fito ɓaro-ɓaro, fatar tana ƙyalli kamar leda, ko jar nankarwa mai faɗi a hammata da cinya ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, ba sai na tambaya ba. Da yawa sai su rantse min basilin kawai suke shafawa, uwar tana gefe tana taya su. Gaɓoɓin yatsu ke tona musu asiri.

Maganar "na haske" kuma, ki tsaya da ƙafarki. Dilka daga Sudan ta zo mana, ta biyo ta Chadi ta shigo Barno wurin Shuwa da Barebari, daga can ta bazu Kano da Kaduna. Ba a san ta da mayar da mutum fari ba. Gari ne ake kwaɓawa, can Sudan na dawa, nan da yawanmu da dankalin Turawa muke haɗawa, a sa kanumfari da sandal da ɗan kurkur da mai, a turara ƙullun da hayaƙi har ya kama ƙamshi. Aikinta ta murje datti da matacciyar fata, ta bar jiki da santsi da ƙamshin da ko an yi wanka ba ya tafiya. Hasken da kike gani bayan dilka kalar mutum ce ta Allah ta fito. Baƙa ta ƙara baƙi mai sheƙi, wankan tarwaɗa ta yi fes. Duk wadda ta ce miki dilkarta za ta sauya kala cikin kwana 7, wani abu ta zuba, kuma ɗan'uwan abin da ke cikin farar robar nan ne. Ki tambaye ta sunansa ki ga yadda za ta hau kwana-kwana, wai sirrin sana'a ne. Sirrin sana'a a turare yake, wane ice da wane mai. Abin da zai shiga fatar 'yar mutane ba sirri a ciki.

Sati biyar ba kaɗan ba ne in aka bi shi daki-daki. Sati uku na farko hutu ne, ba murza ba goga. Yadda za a rabu da man kuma ba hurumina ba ne, a je ga likita, na san akwai ma'aikatan lafiya a nan za su yi bayani. Nawa shi ne, ta ajiye soson raga, ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi da zai dafa fata ba, da sabulu mai laushi. Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙo, amma ga hunturu ya shigo, busar da fata yake yi, kar ya taɓa fuskar nan tukuna. Da ta fito wanka, jiki da sauran danshi, ta shafa man kaɗanya. In an bari jiki ya bushe ƙarau sannan aka shafa, sama yake zama yana kwasar ƙura. Mai kyau za ki gane shi, kina sawa a tafin hannu zai narke, ba tsaki-tsaki a ciki, yana ɗan ƙamshin hayaƙi.

Ƙafa ita ce ake mantawa, kuma ita dangin miji ke fara kallo ranar buɗar kai, tunda fuska a rufe take. Sanyin Kaduna na Disamba kin san shi da faso da kaushi. Tun yau, kullum da dare ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge dunduniya da dutse a hankali, ta cika ta da basilin ta sa safa ta kwana. Lalle ba ya kyau a ƙafa mai faso, cikin tsagar yake shiga ya yi baƙi, zanen ya lalace. Ba a fafe gora ranar tafiya, kaushin shekara ba ya fita a kwana uku.

In ya rage sati biyu, kuma fatar ta lafa, ba ja ba zafi, sai a fara dilka. Ba kullum ba, a yi yau a tsallake gobe da jibi. Gwaggo ta yi haƙuri, kwana 14 a jere ana murzar fata irin wannan ɓarna ce. Fuska kuwa ni ba na murza ta ko ga mai lafiyar fata, shafawa nake in bari ya sha iska in wanke. A wannan lokacin ne za a gwada halawa a ɗan wuri a ƙwauri, faɗin tafin hannu, a zuba ido kwana uku. In lafiya lau, a yi ta gaba ɗaya saura kwana biyar ko shida kamu, don ƙurajen da ke biyo bayan halawa washegari ko jibi suke fitowa, suna son lokaci su kwanta. Kar ta aske gashin da reza a tsakani, halawa ba ta kama ɗan guntun gashi. In gwajin ya nuna ja ko saluɓa, a haƙura, sabuwar reza ta wadatar, ba wanda zai bi ta da fitila. Ranar da aka yi halawa kuma ba humra a jiki, ba dukhan, wato turara jiki da hayaƙin ice mai ƙamshi, ba matsattsun kaya sai washegari.

Dukhan ma a bar shi sai satin ƙarshe. Icen dorot a kasko, a bari garwashi ya lafa, hayaƙi ake so ba wuta ba. Ta lulluɓa da bargo kai a waje, wadda ba ta saba ba minti 15 ya ishe ta, taga a buɗe, ruwan sha a kusa. Mai asma ba na yi mata sam. Kurkur kuwa a tsayar da shi saura kwana uku, in ba haka ba wuyan farin leshinta zai koma rawaya tun kafin a gama hoto.

Abu ɗaya da ba a saya a kasuwa: a zaunar da ita a gida. Amaren yanzu su ne wurin tela a Kasuwar Barci, su ne Kasuwar Gumi neman takalmi, su ne rabon kati cikin Keke da rana tsaka, ƙura na dukan fuska, dare kuma waya a kunne har ƙarfe biyu. Sannan a zo a ce Ya Falmata ba ta iya aiki ba. Ki karɓi sauran zirga-zirgar ki raba wa ƙawayen da suka kai ta ga mai man.

Sista Rabi, Barnawa

Maman Hanan, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ba zan yanke hukunci a kan fatar da ban gani ba, amma abin da kika lissafa, haske da sauri, ƙananan ƙuraje iri ɗaya, ja da zafi a rana, da raɗaɗi in an bari, duk alamun sitiroyid ne. Masu haɗin nan sukan matse tub-tub na maganin fata mai ɗauke da kulobetasol ko betametason su juye cikin man shafawa. Magunguna ne na gaske, amma na cutar fata ne, likita ke rubutawa a shafa a wuri kaɗan na ɗan lokaci. Suna tsuke ƙananan jijiyoyin jini su rage launi, shi ne hasken da ake murna da shi, a lokaci guda kuma suna sirantar da fata. In aka daɗe ana shafe jiki gaba ɗaya, jiki yana zuƙar maganin, har ya kai ga hawan jini da ciwon suga, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Yarinyar da za ta shiga gidan miji, gobe ciki, wataƙila tiyata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu haɗin kuma akwai haidirokwinon, wanda in an daɗe a kansa yake barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita, wasu har da makyuri mai lalata ƙoda. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, ba don wasa ba.

Ummu Sadiq, a wuri ɗaya kina da gaskiya, yankewa farat ɗaya yana tayar da fata, abin da ya faru da ita ke nan a kwana biyun nan. Amma maganinsa ba ƙara sati biyar a kai ba ne. Likitan fata zai duba ya tsara mata yadda za a janye, wani lokaci da mai rauni a maye gurbinsa ana ragewa, ya ba ta na ƙurajen. Akwai likitocin fata a asibitin Barau Dikko nan Kaduna, akwai a asibitin Shika da ke Zariya. Ku je cikin satin nan, ku tafi da robar.

Kuma ku shirya zuciyarku. Saman fata yana sabunta kansa ne cikin kamar sati huɗu, don haka lokacin da kuke da shi zai isa ja da zafin su lafa, amma kalarta za ta fara dawowa, kuma ba lallai ta dawo bai ɗaya ba. Abin da zai rage dabbare-dabbaren shi ne kaucewa rana da shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama duk safiya.

Lemon tsami a yatsu, don Allah a'a. Ruwansa a fata in rana ta taɓa shi ƙuna yake yi, wurin ya ƙara baƙi. Goge gaɓoɓi da ƙarfi ma baƙi yake ƙara musu. Ya Falmata, na yarda da ke a kan man kaɗanya a jiki, amma fuskar da ke da ƙuraje a bar wa likita ya zaɓa mata abin shafawa, musamman kar a sa man kwakwa, toshe ƙofofin gashi yake.

Baƙin lalle kuwa ta haƙura da shi kwata-kwata. Dayis ɗin da ake zane da shi akwai sinadarin PPD a ciki, irin na rinin gashi. Wadda ya taɓa yi wa ƙaiƙayi da kumburi, jikinta ya riga ya gane shi, karo na biyu ya fi muni, zanen gaba ɗaya yake tashi ya yi bororo, ya bar tabo da siffar fulawar. Ko gwaji kar a yi. Baƙin rinin gashi ma kar mai kitso ta sa mata. In wata ta kawo muku maganar allurar haske ko ƙarin ruwa na amare, ku sallame ta.

Hajiya Babba, Kawo

Jikata ce ke rubuta min, ita ta karanto min zancen. Maman Hanan, Allah Ya yi miki albarka da kika tsaya wa ƙanwarki.

Mu a zamaninmu budurwa kwana bakwai take cikin lalle. A daka ganyen, a tankaɗe, a kwaɓa, a cusa hannu cikin zunguru, ƙafa a naɗe ta da ganye da tsumma. Da lallen ake cuɗa jiki a yi wanka, a turara ta, a ba ta kunu da fura, ba ta leƙa ko zaure. Ranar da aka fito da ita sai kin sake kallo. Ba mu san dilka ba a nan sai daga baya.

Ni tambayata, shi yaron da ya kawo kuɗin gaisuwa, a wace kala ya gan ta? Kar ki yi ta yi mata faɗa dai, yarinya ce, tsoron bakin mutane ne ya kai ta. Gwaggon taku kuma ki je har gida ki same ta ke kaɗai, ki ce likita ne ya hana, kar ki ce ke kika ga bai dace ba. Kin san halin dangin uba da biki.

Maman Hanan, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, a baƙarta ya gan ta, shekara biyu suna tare. Litinin za mu je asibiti in sha Allah, na karɓe robar tana jakata. Ta yi kuka amma ta yarda. Yanzu damuwarta yatsun nan ne, wai mai hoto zai ce ta ɗora hannu a kan na ango a ɗauki zobe. Ya Falmata, in ba baƙin lalle, me zai rufe su?

Ya Falmata mai gyaran jiki, Tudun Wada

Jan lalle zai rufe su tsaf. Ki ce wa mai lallen ta cike kan yatsu har gaɓar farko, ta ja zanen ya hau kan sauran gaɓoɓin maimakon ta bar su fili. In ya kama sosai, ja ne mai duhu, a baƙar fata ya fi dayis kyau ma a wurina.

A yi shi Litinin da yamma tunda kamu Laraba ne. Ranar da aka cire shi ruwan lemo yake, sai ya kwana biyu yake nuna. A bar shi a hannu awa shida ko ya kwana, a kankare shi a bushe, a shafa mai, ta guji ruwa da sabulu iya yadda za ta iya a ranar. Dilka da halawa duk a gama su kafin lalle, in aka murza bayansa da shi za a tafi.

Garin kuma ku saya da kanku, kore mai ƙamshin ganye, a kwaɓa a gabanki da ruwan shayi. Wanda ake kawowa a ƙunshe cikin leda ya kama cikin minti goma, ba ki san me aka zuba ba, kar ya hau hannunta. Mai kwalliya ma ta zo saura sati ɗaya ta gwada, ta zaɓi hoda daidai da kalar wuya da ƙirji a ranar, ba kalar da ta gani a hoton wata biyu da suka wuce ba. In likita ya ce fata ta yi ƙwari, ki kawo min ita in duba kafin mu sa ranar fara dilka.